Civilization, Age of Empires ko Europa Universalis: wanne zan saka wa ɗan Yaya a laftof?

Yayata ce ta jawo wannan rubutun. Ɗanta da ke aji biyar a sakandare ya ishe ta wai ya ji akwai gem ɗin da Sarauniya Amina ke ciki, har sojoji na magana da Hausa, shi lallai sai an saka masa a tsohuwar laftof ɗin babansa. Ita kuma ba ruwanta da gem, abin da ta sani kawai ni ne sarkin zama gaban kwamfuta a gidanmu, sai ta kira ni ta ce, "Kai da ka san kan abin, duba min wanda ba zai ɓata min yaro ba, in da hali ma wanda zai ƙaru da tarihi." Na ce to Yaya. Abin da take tsoro tsiraici ne da ashar da jini faca-faca, kuma ta wannan fannin duka ukun da zan yi magana a kai da sauƙi sosai, daga sama kake kallon taswira da ƙananan sojoji kamar tururuwa. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Na kashe shekaru a kan gema-geman nan, kuma na lura kowannensu yana da nasa ra'ayin a kan yadda duniya ta zama yadda take, wa ya ci gaba, wa aka bari a baya, me ya sa, kuma ba ya faɗa maka da baki, a cikin dokokin wasan yake zuba shi. Duk abin da gem ya ba ka maki a kai, za ka yi ta maimaita shi sau ɗari sau dubu har ya zame maka kamar haka Allah ya yi duniya.

Wani abin daɗi, duka ukun akwai mu a ciki. Shi ya sa ma kwatancen ya yi sauƙi, don ka san gidanku, in aka zana shi a karkace za ka gane.

Bari in fara da Civilization don shi ya fi suna. Sid Meier ya fito da na farko a 1991, yanzu kamfanin Firaxis na Amurka ke yin sa, na shida ya fito 2016, na bakwai a Fabrairun 2025. A na shida za ka fara a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa da mai kafa gari guda da jarumi guda, kana tafiya zagaye-zagaye kamar dara, zagaye 500 har 2050. Daɗi kam ba a magana, irin gem ɗin nan ne da za ka ce bari in ƙara zagaye ɗaya in kwanta sai ka ji kiran assalatu. A na shidan akwai Mali da Mansa Musa, an ƙaro su a 2019, zinariya kamar ƙasa. A na bakwai kuma Amina na cikin shugabannin da aka fito da su tun ranar farko, tare da irin su Ibn Battuta, amma fa a lura, a wannan sabon tsarin shugaba daban ƙasa daban, kuma da ya fito babu ƙasar Hausa a jerin, don haka Aminar taka sai dai ta ja ragamar Aksum ko Songhai ko ma Rumawa in ka ga dama. Fuskar ce kawai aka ɗauka.

Na saka wa yaron na shida ya gwada a wurina wata Asabar. Cikin minti ashirin ya ci karo da sansanin waɗanda gem ɗin ke kira barbariyan, wato 'yan daji marasa wayewa, ya tura jarumai biyu suka share su, aka ba shi zinariya, ya kafa gari a wurin. Na ce masa, "Su waye ka kashe?" Ya ce, "Kawu ai 'yan ta'adda ne, su suke kawo min hari." Na ce wa ya riga wani zuwa wurin? Ya yi shiru yana kallona kamar na tambaye shi lissafi, sannan ya ce ai ba su da gari. To ka ji saƙon farko kenan, kuma yaron bai ƙirƙira ba, gem ɗin ne ya koya masa cikin minti ashirin: ƙasar da ba a kafa birni mai tuta a kanta ba fili ne na Allah, mutanen da ke kanta kuma ko dai 'yan daji ne da za a kashe, ko ƙaramin ƙauye ne da za ka taka ya ba ka kyauta ya ɓace daga taswira. Wannan ita ce hujjar da Turawa suka riƙe a Amurka da Ostireliya, kuma ba ni kaɗai na gani ba. A 2018 da aka saka mutanen Cree na Kanada da shugabansu Poundmaker, ɗaya daga cikin shugabannin al'ummar ya fito ya yi ƙorafi cewa ba a tuntuɓe su ba, kuma gem ɗin na nuna kamar su ma ɗabi'arsu ɗaya da 'yan mulkin mallaka ta cin ƙasar wasu. Kamfanin dai ya ɗan ji, a na bakwai sun yi aiki da mutanen Shawnee kafin su saka Tecumseh, barbariyan ɗin ma an sake musu suna an mai da su ƙananan al'ummu masu cin gashin kansu da za ka iya ƙawance da su. Sai dai a na bakwan nan kuma zangon tsakiya na wasan kusan kacokan an gina shi ne a kan ka ƙetare teku ka kafa garuruwa a ƙasa mai nisa ka riƙa lodo dukiya a jirage zuwa gida, an kori kare an kawo kura kenan.

Saƙo na biyu shi ne bishiyar fasaha, kuma ni a ganina ya fi na farkon nauyi. Kowace al'umma, Sinawa ne ko Mali ko Aztek, layi ɗaya suke bi: tukwane, rubutu, ƙarfe, bindiga, masana'anta, lantarki, nukiliya, roket. Hanya ɗaya ce kuma ƙarshenta tura mutane duniyar Mars. Ba wata al'umma da za ta ce ni wannan ya ishe ni, ko ni wata hanyar zan bi, in ka tsaya an cinye ka. To yaron da ya sha wannan in ya kalli Kano ya kalli Landan me zai ce? Zai ce muna baya da zagaye ɗari biyu, kamar tsere aka yi na adalci daga layi ɗaya muka yi lalaci. Don a Civilization kowa da jarumi ɗaya yake farawa, ba wanda aka kwashe wa mutane a jirgi shekara ɗari uku, bauta ma a na shida ba ta cikin tsarin tattalin arziki sam. Siyasa kuma kamar kanti ce, in ka kai zamani za a jera maka dimokuraɗiyya da kwaminisanci da fasisanci, kowanne da garaɓasarsa, fasisanci na ƙara wa soja ƙarfi, in yaƙi za ka yi ka ɗauka in ka gama ka ajiye kamar riga.

Age of Empires III shi ne ainihin wanda yaron ya ji labari. Asalinsa 2005 ne, aka sabunta shi a 2020, sannan a Agustan 2021 aka fito da ƙarin fakiti mai suna The African Royals da ya kawo Hausawa da Habasha. Shi ba zagaye-zagaye ba ne, komai a guje yake, ƙauyawa na sarar itace kana gina bariki abokin gaba na tahowa, wasa ɗaya minti ashirin zuwa arba'in an tashi. Kuma gaskiya duk taurin kanka ranar da ka danna soja ya amsa maka da Hausa sai ka yi murmushi. Akwai mahayan lifidi, akwai maharban Fulani, akwai maroƙi, kana kiwon shanu ka sayar a kara, kana gina jami'a da fada suna tara maka tasiri. Akwai wani gawurtaccen soja ma sunansa Maigadi, na yi dariya har da hawaye, don mu dai maigadi shi ne dattijon bakin get mai tocila da rediyo. Shugabar Amina ce, amma babban birnin da ake aiko maka da kaya daga can Kano ne. Bazazzagiya a kan gadon Kano! Duk Bazazzagin da ya ga wannan ya samu abin tsokanar Kanawa na shekara guda.

Wannan dariyar kuma ita ce matsalar. Ba a taɓa yin ƙasa ɗaya mai suna Hausa mai tuta ɗaya da sarki ɗaya ba a wancan zamanin, Kano da Katsina sun sha gwabzawa, Zazzau da Gobir da Kabi kowa ta kansa yake, ita kanta Amina masana sun rabu a kan ko ƙarni na 15 ta yi ko na 16. Gem ɗin yana buƙatar kowace al'umma ta zama kamar kulob ɗin ƙwallo, riga ɗaya kyaftin ɗaya, sai ya dunƙule shekara ɗari huɗu a kwano guda. Akwai kuma wani yaƙi na tarihi a cikin fakitin da aka gina a kan jihadin Shehu Usmanu na 1804, sunan da suka ba shi ma'anarsa faɗuwar Hausa. Sunan nan kaɗai siyasa ne. Basakkwace zai ce wace faɗuwa, ai tajdidi ne. Wanda kakanninsa suka bar Katsina suka koma Maraɗi, ko Gobirawan Tsibiri, ko Zagezagin da suka kafa Abuja ta asali wadda ta zama Suleja, ko Kabawan Argungu, shi kuma wataƙila ya gyaɗa kai. Abin da mu kanmu muke taka-tsantsan wajen faɗa a zaure, gem ya yanke hukunci a kai da kalma uku.

Sai zancen mulkin mallaka, wanda shi ne ƙashin bayan Age of Empires III tun asali: kai baƙo ne da ka sauka a sabuwar ƙasa, uwar ƙasa na aiko maka da kaya, kana kwasar taskoki, kana kafa shago a ƙauyukan 'yan ƙasa kana ɗibar samarinsu soja. Da aka sabunta shi a 2020 sun yi gyare-gyare, zamanin da ake kira na mulkin mallaka aka mai da shi zamanin kasuwanci, gandun da sunansa ke tuna bayi aka sake masa suna, Sioux suka koma Lakota, Iroquois suka koma Haudenosaunee, sunayen da su suke kiran kansu da shi. Gyaran sunayen mutane na yaba. Amma canza sunan zamani bai canza abin da kake yi da hannunka ba, an dai wanke kalmar an bar aikin, kuma gandun nan ƙauyawa ne ke nome shi cikin fara'a, bawa ko ɗaya ba za ka gani ba. Abin da ya rage masa laifi a wurina shi ne bai cika yin da'awar shi malamin tarihi ba ne, kowa na gani ya san dambe ne aka yi wa ado da kayan tarihi.

Yanzu Europa Universalis IV, inda na fi daɗewa kuma inda zan fi surutu. Kamfanin Paradox na Suwidin ne ya yi shi, 2013. Wasan na farawa ranar 11 ga Nuwamba 1444, washegarin yaƙin Varna da daular Usmaniyya ta Turkawa ta ci, ya ƙare 1821. Ba a fara kowa daga layi ɗaya a nan, taswirar duniya ce ta gaske da ɗaruruwan ƙasashe, kowa da girmansa da talaucinsa. Kuma in ka zuƙo Afirka ta Yamma za ka ga Kano daban, Katsina daban, Zazzau daban, ga Borno ga Songhai ga Mali ga Nupe ga Oyo, kowacce za ka iya ɗauka. Ta nan ya fi sauran biyun gaskiya nesa ba kusa ba.

Na taɓa ɗaukar Kano, ba zan manta ba. Shekara hamsin na farko lafiya lau, na ci maƙwabta, na ƙulla aure, baitulmali na motsi. Sai na lura kuɗin sayen fasaha na ta hawa ba gaira ba dalili, na duba sai na ga wai ban rungumi wata sabuwar wayewa da ta ɓullo a Italiya a 1450 ba. Haka tsarin yake: akwai jerin manyan sauye-sauye, farfaɗowar ilimi a 1450, mulkin mallaka a 1500, injin ɗab'i a 1550, haka haka har masana'antu, kusan duk a Turai suke tsirowa, sannan su riƙa rarrafowa gari-gari, duk wanda bai karɓa ba ana tsawwala masa kuɗin fasaha har kashi 50 cikin 100 a kan kowanne. Ka lura fa, mulkin mallaka na cikin jerin abubuwan ci gaba da dole ka runguma. A da ma abin ya fi haka muni, kafin 2016 akwai maɓalli ƙarara na zama Bature, ka danna ƙasarka ta shiga rikici na shekaru sannan ta fito ta waye. Sun cire shi, amma ruhinsa na nan. Dabarar da 'yan wasa suka gano ita ce ka zuba duk abin da ka tara a gari ɗaya ka yi ta bunƙasa shi har wayewar ta tsiro a can da ƙarfin tsiya, haka na yi wa Kano, na zauna ina kallon farfaɗowar ilimin Italiya na tsirowa a gindin Dala, ina dariya ni kaɗai da ƙarfe biyun dare.

Amma abin da ya fi ci min rai kasuwanci ne. A taswirar ciniki Katsina cibiya ce guda mai zaman kanta, wanda daidai ne, ai ta yi zamaninta a cinikin Sahara. To sai dai a gem ɗin dukiya hanya ɗaya take bi kamar ruwan kwata, kibiyoyin an kafe su ba sa juyawa, kuma duk inda ka bi su ƙarshensu wuri uku ne: Venis, Jenowa, da mashigin ruwan Ingila. Ko ka ci duniya da Kano, ko ka fi kowa jirage, ba za ka taɓa sa dukiyar Landan ta gangaro Kurmi ba, iyakarka ka tare wadda ke wucewa ta ƙofarka. Wato tun 1444, kafin Bature ya san hanyar Indiya ta teku, an riga an rubuta a dokar wasan cewa arzikin duniya Turai zai tafi. Sunan gem ɗin ma ai bai ɓoye ba.

Kuma shi ba ya wanke hannu. Bayi na cikin jerin hajoji, da farashinsu, kusa da hauren giwa da gishiri da zinariya. In ka tura 'yan mallaka wani yanki akwai maɓallin da za ka danna sojanka su karkashe 'yan ƙasar don kada su dame ka da tawaye, lamba ce kawai za ta sauka zuwa sifili. Abin ƙyama ne, kuma wasu na cewa mai da bala'i lissafi na kashe zuciya, ban ce ƙarya suke ba. Amma ni na fi son wanda ya ajiye min ƙazantar a tebur a kan wanda ya share ta ya fesa turare, don aƙalla yaro zai tambaya, Kawu me ya sa mutum ke da farashi? Daga nan sai a yi maganar jiragen Atlantika, a kuma yi maganar namu rinjin da kasuwannin bayi na ƙasar Hausa, don wannan ma ba a cika son faɗa a aji ba.

Tunda na taɓo Paradox bari in ɗan ratse. Suna da Victoria 3 na 2022, daga 1836 zuwa 1936, kuma za ka iya ɗaukar Sakkwato. Shi akidarsa a fili take: mutane rukuni-rukuni ne, masu gonaki da malamai da 'yan kasuwa da sojoji da leburori, kowa ra'ayinsa na bin aljihunsa, in kana son sauya doka sai ka fara sauya wanda ke da kuɗi. Har 'yan wasa suka yi ta ƙorafi wai kwaminisanci ya fi ƙarfi a ciki. A Victoria 2 ƙasashe irin namu marasa wayewa ake kiransu kai tsaye, a na uku aka koma cewa waɗanda manyan ƙasashe ba su amince da su ba, wanda ya fi kusa da gaskiyar abin da aka yi a taron Balin na 1884. Sai Crusader Kings III na 2020 da za ka iya farawa da Daurama ta Daura a shekarar 867, da Bori a matsayin addininta, sai dai wannan kam ba na yara ba ne, makirci ne da kisan mummuƙe da neman matan mutane, Yaya ta gani sai ta fasa laftof ɗin a kaina. Europa ɗin ma an yi na biyar da ke farawa daga 1337, amma wannan ba abincin tsohuwar laftof ba ne.

Akwai abu ɗaya da na san iyaye a wurinmu za su fi damuwa da shi in sun sani, addini. A Civilization VI kai ke kafa addini: ka tara maki, ka zaɓi suna da tambari, Musulunci na cikin jerin, sannan ka zaɓo masa aƙidu daga kwando, wannan na ƙara zinariya wancan na ƙara abinci, ka tura masu wa'azi su yi artabu da na wasu har da tsawa daga sama. Duk addinai fanko ne iri ɗaya sai abin da ka zuba. Europa ya fi sanin abin da yake yi, har mazhabobi ya saka, Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, amma nan ma kowacce garaɓasa ce, Malikiyya na rage kuɗin bunƙasa gari. Ba zagi a ciki, ba kuma zanen Annabi, wannan kam sun kiyaye. Saƙon dai shi ne addini makami ne a hannun mai mulki, ba gaskiya ba ƙarya sai amfani. Babba zai iya wasa da wannan ya tashi ya yi alwala bai ji komai ba, ɗan shekara goma sha shida kuwa gara a ce akwai wanda zai yi hira da shi a kai. Age of Empires ya fi kowa sauƙi a nan, masallaci gini ne, malami na warkar da soja, shi kenan.

Sai maganar aljihu da NEPA, don duk falsafar nan ba ta da amfani in laftof ba ta ɗauka ba. Civilization VI na tafiya a matsakaiciyar na'ura, akwai shi har a waya, yana yawan faɗuwa warwas a lokacin rangwamen Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, takwararta Epic ma sun taɓa raba shi kyauta a 2020, kuma tunda zagaye-zagaye ne in aka ɗauke wuta ba ka yi asara mai yawa ba. Na bakwai tsada gare shi, yana son na'ura mai ƙarfi, kuma ko masoyansa sun yi ta ƙorafi da ya fito, ban ga dalilin saya don fuskar Amina kawai ba. Age of Empires III na cin data sosai wajen saukewa, ka nemi inda ake da wayfay ko ka yi sabskirifshan na dare, kuma Hausawan sai ka sayi fakitinsu daban. Europa bai da nauyin saukewa, tsohuwar laftof na ɗauka duk da tana fara nishi in an kai 1700, amma tarkonsa ƙarin fakitoci ne, sun haura goma sha biyar, in ka ce duk za ka saya da dala a canjin yau sai ka sayar da akuya, gara biyan wata-wata da suke da shi. Kuma Turancinsa da yawa, koyonsa kuwa sai ka yi sati kana asarar yaƙi ba ka san dalili ba.

To wanne? In don kanka ne, kai babba, kana son abin da zai sa ka buɗe littafi ka duba wace ce Nupe a 1500, ɗauki Europa Universalis IV, ka fara da Kano ko Katsina ko Borno, ka ji a jikinka yadda aka karkata filin. In hutawa kake so bayan aiki kuma ka san kanka, Civilization VI ya fi daɗi, amma shi ne wanda ba zan bar yaro da shi shi kaɗai ba, duk da shi ya fi kama da na yara, launi mai kyau shugabanni na murmushi, don shi nasa ra'ayin ba ya wari balle ka toshe hanci. Shi kuwa ɗan Yaya Age of Empires III na saka masa da fakitin Hausawan, saboda shi ya roƙa, saboda wasa ɗaya bai kai awa ba don haka ba zai cinye masa karatun WAEC ba, kuma saboda kurakuransa a kan ƙasar Hausa manya ne a fili, irin waɗanda yaro zai iya kamawa da kansa. Na ce masa sharaɗi ɗaya, duk sati zai kawo min abu guda da gem ɗin ya faɗa a kanmu wanda ba haka yake ba, in ya kai goma zan saka masa Europa a hutun ƙarshen shekara.

Satin farko ya kawo zancen Amina da Kano, wanda ni na riga na gaya masa, na ce wannan satar amsa ce ba ta shiga lissafi. Sati na biyu ya turo min saƙon murya da daddare, wai ya je ya tambayi kakarsu ta wajen uba ko da gaske maroƙa na bin sarki fagen yaƙi, ta ce masa sosai ma, ta riƙe shi awa guda tana ba shi labarin makaɗan fada da kakaki har ya rasa cin abincin dare. Ya ce, "Kawu wannan gem ɗin ne ya yi daidai, to ya za a yi, a lissafa min ko kuwa?" Na ce a lissafa rabi. Yanzu yana kan uku da rabi, Yaya kuma ta kira jiya tana tambaya wai me ya sa yaronta ke neman a kai shi Zariya ya ga ganuwa.